Fentin Ruwa da Shaddar Yaya Rabi

Ba zan taɓa mantawa ba da Juma'ar da na buga wa Yaya Rabi karo a gadon baya. Yayar maigidana ce, a Maradi take aure, kuma babu abin da ke wuce idonta. Zuwanta na baya ta tsaya a madafina, ta ƙare wa karon bango kallo (wato tayil, masu ruwan ƙasa ne da 'yan furanni, tun na wanda ya gina gidan), ta ce, "Wanga karo har yanzu yana nan da ransa?" Wata shida maganar nan tana ci na.

Da aka ce za ta biyo ta Madarunfa ta ci kifi kafin ta wuce biki Ɗan Issa, sai na ga wata mata a waya tana shafa wa tsohon karo fenti, ya koma sabo fil. Don murna ban ma ƙarasa kallon ba (da na ƙarasa, da ba ku ji labarin nan ba). Na figi mayafi sai shagon kayan gini.

Mai shagon ya ce, "Hajiya, na ruwa ko na mai?"

Nan na yi tunani irin na masu ilimi. Madafi wurin wanke-wanke ne, ke nan na ruwa shi ne mai jure ruwa. Mai kuwa, wanda ke manne a bangon ma ya ishe ni.

Na ce, "Na ruwa mana."

Ya ce, "Mi za ki shahwa ma shi?"

Na ce, "Kai dai ba ni hwari."

Ranar Alhamis na shafe bangon tas, ko maiƙon ban wanke ba. Wayyo kyau! Sai in fita in dawo don kawai in sake gani. Maigidana ya leƙo ya tambaya ko na tabbata zai kama, na ce masa ya tsaya a harkar gonarsa.

Yaya Rabi ta iso cikin sabuwar shadda baƙa wuluk, sai sheƙi take. Ko ruwa ban bari ta sha ba na ja ta madafi. Ruwan tuwo na tafasa, romon kifi na tafasa, taga kuwa na rufe ta kada ƙuda ya ɓata mini bango. Tururi ya cika wurin.

Ta riƙe baki. "Maman Nana! Sabon karo anka sa?"

Ni da bakina na ce, "Ƙwarai, Yaya. Daga Maradi anka kawo."

Daɗin hira ya sa ta jingina da bangon. A lokacin na hango fentin yana gangarowa kamar nono, wata 'yar fure tana leƙo ni ta saman kafaɗarta. Na so in yi magana, ƙaryar da na shirga ta toshe mini baki.

Da ta miƙe, bayanta ya taho da karona: fararen gidaje reras, da baƙaƙen layuka a tsakani. A bango kuma ga siffar Yaya an bar mana cikin furanni masu ruwan ƙasa. Ta waiga, ta dangwala yatsa, ta duba, ta dube ni.

"Ashe dai yana nan da ransa," in ji ta.

Na ji kamar in shige tukunyar tuwon. Da atamfata ta tafi bikin, ni kuma na zauna wankin shadda. Ina tsoma ta cikin ruwa fentin ya fita sarai, kuma sai a nan na gane ma'anar sunansa.

Yanzu in mai shago ya tambaye ni abin da zan yi da kaya, nakan zauna in ba shi labari tun daga farko, har sai ya gaji.