Ranar Da Na Juya Dish Alƙibla

Ba zan taɓa mantawa da ranar hawan Arfa ta shekarar da surukata ta je Makka ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Da Inna (surukar tawa ke nan) ta tashi, Baffa, mahaifin matata, ya ce a haɗa masa abin kallo. "Ko Allah zai sa mu hango mutanenmu," in ji shi. Bafulatani ne, ba zai ambaci sunanta ba, amma kowa ya san mutum ɗaya yake nufi. Tunda suka yi aure ba ta taɓa yin mako ba ta gida ba, kuma tun tafiyarta abinci ma sai an matsa masa.

Maƙwabcinsa Malam Sale ya ce a ja masa kebul, wato wayar nan da wani mai shago ke rabawa gida-gida a unguwarsu nan Kontagora. Ni kuwa (malamin labarin ƙasa ne ni a sakandare, don Allah ku riƙe wannan) sai na gyara zama.

"Baffa, kebul ai abin da aka zuba maka shi za ka ci. Mai shago ya ga dama ya sa kokawa, kokawa za ka kalla. Akuya ta tauna waya, shi ke nan. Dish kuwa daga sama yake ɗauko hoto kai tsaye, tashoshin Makka sai ka zaɓa."

Malam Sale ya ce, "To ai kebul ba ruwansa da hadari."

Na yi masa murmushin masu ilimi. Baffa ya bi shawarata, Ɗanladi mai haɗa dish ya zo ya kafa a kan kwano, ya ɗaure tamau, ya ce kada kowa ya taɓa.

Ranar Arfa gida ya cika maƙil, har da 'yan uwa daga ruga wajen Dukku, kowa da azumi a bakinsa. Sai hadari ya ɗan taso, hoto ya fara tsaitsayawa. Baffa ya waiwayo ya dube ni. Na miƙe zumbur.

Na fita tsakar gida na ɗaga kai, nan take na gano matsalar (a ganina). Ga inda muke fuskanta in za mu yi salla, ga dish ya kalli wani waje daban! Hoton nan daga Makka yake zuwa, yaya za a yi ya fito sosai alhali an kauce wa alƙibla? Na ari tsani da sifana, na tattare babbar rigata, na hau. Na kwance, na juya shi gabas sak, har da rufe ido ɗaya ina saiti.

Matata ta leƙo ta ce, "Malam, ya ɗauke gaba ɗaya fa!"

"Ku ba shi lokaci, yana daidaitawa ne."

Ina daga sama ina kallon jama'a suna zamewa da ɗaiɗai, suna shiga gidan Malam Sale mai kebul. Na ƙarshe Baffa ne, da butarsa. Na juya dama, na juya hagu, inda Ɗanladi ya ɗaure ya ɓace mini ƙaf. Can sai na ji kabbara da guɗa daga maƙwabta. "Ga ta nan! Ga Inna! Ga atamfar alhazanmu!"

Da Baffa ya dawo, idonsa ya yi jajir amma bakinsa ya ƙi rufuwa don murna. Ya tsaya gindin tsani ya ce, "Malam, in dish ɗin ya sallame, sai ku sauko tare." Tsakar gida ta kwashe da dariya, har wata gwaggo ta zauna daɓas a kan turmi. Ɗanladi ma da ya zo gyara bai bar ni ba. "Malam, tauraron ɗan Adam da dish ke kamawa yana sama ne, ba ya Makka. Haka kake koya wa yara?"

Da Inna ta dawo na je gaisuwa, ina durƙushe ina neman gafarar cewa ni kaɗai ne ban gan ta ba. Ta miƙo mini dabino da zamzam, ta duba ƙofa, ta rage murya.

"Ɗana, ni fa ranar nan zafi bai bar ni na fita daga tanti ba. Ban san matar wa suka gani ba. Amma Baffanku ya ce daga ranar ya fara cin abinci, don haka ka ja bakinka."

A nan na koyi darasin da ban samu a jami'a ba: ba duk abin da ka sani ake faɗa ba, balle wanda ba ka sani ba. Har gobe in Baffa yana ba baƙi labarin yadda ya gan ta a Arfa, ni ne na farkon cewa, "Ƙwarai kuwa, Baffa, ita ce."