Lodin Maraɗi a Falon Hajj Miftah

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, a shekarata ta huɗu a Sabha ta ƙasar Libiya, ranar da aka kama ni, magidanci mai 'ya'ya uku da furfura a gemu, a durƙushe ina tuƙa motar da ba ta fi tafin hannuna ba.

Sana'ata fenti. Kullum da safe daga unguwarmu Tayuri nake shiga motar haya zuwa duk inda aka kira ni. A makon nan aiki ya kai ni unguwar Hajara, gidan wani dattijo Balarabe, Hajj Miftah, mutumin da kallonsa kaɗai kan sa ka gyara tsayuwa. Zai aurar da 'yarsa, yana so a sabunta falon baƙi. Tun ranar farko ya nuna mini wani kabad na gilashi, ya ɗaga yatsa ya ce da Larabci, "Usta," wato gwanin aiki, "taɓa ko'ina, ban da nan."

Cike yake da ƙananan motocin ƙarfe irin na zamanin da. Ba na wasan yara ba ne: ƙofofinsu na buɗewa, ga sitiyari, ga kujeru, har da 'yan fitilu. Tun yana saurayi yake tara su. (A raina na ce, wanda ya ƙoshi dai ba ya rasa abin yi.)

Rana ta uku ina shafa bangon da ke kusa, idona ya faɗa kan wata fara a layin ƙasa. Kat-san-kat ce, wato Fijo 404, mai dogon baya, da ƙarfen ɗaura kaya a samanta. Irin ta babana sak. Da ita ya yi ta jigila tsakanin Damagaram da Maraɗi tun kafin a haife ni, kuma in an yi hutun makaranta a gefensa nake zama, cikin warin fetur da ƙamshin goro. Motar ta riga shi tafiya. Shi kuwa ya rasu ina nan Sabha, a waya na ji, ban samu jana'iza ba. Ko hoto ɗaya na su biyun ba mu da shi.

Makulli na jikin kabad, gidan kuma shiru. Na goge hannuna sau uku, na ce gani kawai zan yi. Daga gani na ɗora ta a ƙasa. Daga nan na ɗan tura ta. Wallahi ban san lokacin da bakina ya tayar da inji ba. Na sa giya ta ɗaya, ta biyu, na kewaye bokitin fenti, wato garin Takeita ke nan, na taka birki a gindin tsani, tashar Tasawa. Sai na ji muryar babana na fita daga maƙogwarona:

"Maraɗi! Maraɗi! Saura mutum ɗaya! Hajiya, a matsa ciki, a gyara wa malam!"

"Direba," in ji wata murya a bayana, da Hausa, "mu huɗu ne. Akwai wuri?"

Na waiwaya. Hajj Miftah ne tsaye a bakin ƙofa da dattawa uku cikin fararen riguna, dangin ango, an kawo su ganin aiki. Ni kuma ina rarrafe, leɓɓana a tsuke, injin bai gama mutuwa ba. (Ashe mutumin ya yi fataucin Agadas a ƙuruciyarsa. Duk ƙorafin da na yi ta yi a waya a kan shayinsa mai ɗaci, yana ji.)

Kunya ta zo, tsoro ya biyo ta. Baƙo irina, marar cikakkun takardu, kalmar "ɓarawo" ɗaya ta ishe shi. Na buɗe baki na ce, "Hajj, ƙura nake share mata."

Baƙin suka fashe da dariya, ɗaya har da dafa bango. Hajj bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "Muryar wa ka ara?"

"Ta babana."

"Yana raye?"

Na girgiza kai. Ya yi masa addu'a, ya karɓi motar, ya goge ta da hannun rigarsa, ya mayar, ya kulle, ya jefa makulli a aljihu. (In kuna jiran ku ji ya ba ni ita kyauta, ba ku san masu tara motocin nan ba.)

Amma ranar da na gama aiki ya fito da ita ya ɗora a farantin shayi, ya ce in bi da shi hanyar, gari bayan gari. Muka tashi daga Damagaram bayan la'asar, ba mu shiga Maraɗi ba sai da aka kira magariba.

Yanzu ni ma ina da irin motocin guda biyu a ɗakina, a kasuwar tsofaffin kaya na tsinto su. Babu kat-san-kat a ciki, har yau ina nema. Abin da na koya dai shi ne: in kewar gida ta taso maka a gidan mutane, ka fara leƙa ƙofa kafin ka kira fasinja.