Takardar Tulu

"Ni da na yi shekara tara ina buɗe wa kumandan ƙofa a Filingue zamanin soja, wa zai koya mini mulki?"

Haka Manzo Ɗangoma yake faɗa a kasuwa. Gaskiya ne kuwa, ƙofar ta buɗu sosai a hannunsa. Da aka zo zaɓen komin, wato ƙaramar hukuma, sai ya ce kujerar konseye, wato kansilan garinsu, gadonsa ce. Alamar jam'iyyarsa tulu, abokin takararsa kuma Kailu, wani mai sayar da gero marar surutu.

Ka san yadda zaɓen yake a lokacin: kowace jam'iyya da takardarta. Ka kwashe duka, ka shiga bayan labule, ka jefa wadda kake so a akwati. 'Yan siyasa masu wayo sukan ce a kawo musu takardun abokan hamayya, shaidar cewa tasu aka jefa. Manzo ya tsinci dabarar a motar Yamai, amma ya ga tana bukatar gyaran masani.

"Mi zan yi da takardun banza? Duk mai ƙaunata shi maido mini tawa, mai tulu, in ba shi sukari!"

Matarsa Kubura ta ce, "Malam, in sun maido ma, mi za su jefa?"

"Ke, da tukunya aka san ki, ba da siyasa ba!"

Ranar zaɓe layi ya miƙe daga ƙofar gidansa har bakin rijiya. Kowa da takardarsa mai tulu a hannu, har da tsofaffin da ba su taɓa gaishe shi ba. Manzo sarkin dabara yana karɓa, yana kirari: "Ɗari ukku da sha biyu! Kailu, tahi ka auna gero!" Aka kira makaɗa, aka yanka rago.

Da la'asar sakaliya aka buɗe akwati. Tulu ya samu ƙuri'a ɗaya.

Manzo ya gyara hula. "To, ko ba komi, ni dai na zaɓi kaina."

Kubura ta zura hannu a aljihun rigarsa, ta zaro takarda.

"Taka ga ta nan, Malam. Waccan ta cikin akwati Kailu ne ya jefa ma. Cewa ya yi bai iya bari a karanta ma sifiri gaban surukanka."