Kwaɗon Kankanar Onarabul

A Ƙofar Sauri, in kana son ka ga dattawa suna dariya ƙasa-ƙasa, tsaya wurin mai kankana ka ce a barbaɗa maka ƙuli. Ba wanda zai tambaye ka dalili. Kowa ya san ka tuna da Alhaji Sada ne, mutumin da ya taɓa zuba man gyaɗa da yaji a kan abarba, ya miƙa wa manyan baƙi da hannu biyu.

Kada a yi masa rashin adalci. Alhaji Sada babban mutum ne, shi da kansa ya sha faɗa. Shekara ashirin yana sayar da kwanon rufi da ƙusa, sai a shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki muka zaɓe shi kansila. Rantsarwa sai bayan wata biyar, amma Alhaji bai ga dalilin ɓata lokaci ba. Tun washegarin zaɓe ya daina amsa "Alhaji" zalla. Sai ka ce "Onarabul" yake juyowa, shi ma a hankali, don hular ta ƙara tsawo. Hatta akuyar gidan, wadda ya saba jifa da takalmi, yanzu gargaɗi yake mata a hukumance.

Ana cikin haka aka kira zaɓaɓɓu Kaduna, bitar kwana uku. Ranar ƙarshe aka jera abinci, can ƙarshen tebur ga wata ƙatuwar tasa ta gilashi, cike da ja da rawaya da fari. Alhaji ya hango ta, amma a lokacin yana tsaye yana yi wa wani bawan Allah bayanin dimokuraɗiyya. Ko da ya isa, cokali ne kawai a ciki. Ya tambayi mai rabon abinci sunan abin, aka ce masa "furut salad". Ya rubuta a bayan katin gayyata, ya sa a aljihu.

To, kansilolin su goma sha ɗaya ne, kuma sun yi shawarar fitar da shugaban majalisa daga cikinsu bayan Babbar Sallah. Masu nema biyu: Alhaji Sada, da Malam Mudassir, tsohon hedimasta mai magana kamar yana tsoron ta ƙare. Alhaji yana son kujerar nan har cikin ransa. Sai ya gayyato su duka gidansa washegarin Sallah, don su gani da idonsu wane ne wayayye.

Da ya kai wa Hajiya Bara'atu, uwargidansa, maganar, sai ta yi murmushi.

"Ai wannan ba wani aiki ba ne, Alhaji. A yanka kankana da gwanda da abarba da ayaba ƙanana-ƙanana, a matse lemon zaƙi, a zuba 'yar madara, a sa ƙanƙara. Na ci a bikin 'yar Baraka."

Alhaji ya dube ta da tausayi irin na wanda ya je Kaduna.

"Hajiya, mi sunanshi? Salad. Tun da kike a garin nan, kin taɓa ganin salad ba ƙuli, ba mai, ba albasa? Turawa ganyen kawai suka cire, suka sa 'ya'yan itace. Sauran doka tana nan. Amma tunda mulkin farar hula ya zo, ba zan yi maku dole ba. A kaɗa ƙuri'a."

Aka kaɗa, a tsakar gida, kusa da igiyar da aka rataye naman layya. Hajiya ta ce madara. Yaya Dije, yayar Alhaji, ta ce madara. Ladi maƙwabciya, wadda ta shigo aron turmi, ta ce madara. Uku da ɗaya.

Alhaji ya yi gyaran murya, ya sanar da cewa an samu kurakurai. Ladi ba 'yar mazaɓar ba ce. Yaya Dije ba ta da haƙora, saboda haka ba ta da hurumi a kan abin taunawa. Hajiya kuwa ta shigo da ra'ayinta tun daga gida. Ya soke zaɓen. Sannan ya naɗe hannun babbar riga ya shiga madafa, wurin da rabonsa da shi tun ranar da aka zuba masa daɓe.

Hajiya ba ta yi musu ba. Ta yanka komai yadda ya kamata, ta raba biyu, ta miƙa masa rabi, ta tura ɗaya rabin bayan randa.

Alhaji ya yi aiki tsakaninsa da Allah. Garin ƙuli gwangwani biyu. Man gyaɗa ludayi guda. Albasa manya uku, dunƙule huɗu, yaji daidai na maza. Ya juya, ya juya, har kankana ta saki ruwa, komai ya koma kalar ƙasar gini. Bai ɗanɗana ba. Ya ce shugaba ba ya ci kafin jama'arsa.

Bayan azahar baƙi suka cika zaure. Zafin bazara ne, ga shi tun jiya ba abin da kowa ke ci sai soyayyen nama. Da suka ji an ce 'ya'yan itace masu sanyi na tafe, har da masu hamdala.

Alhaji ya miƙe.

"'Yan'uwana Onarabul-Onarabul, shekara goma sha biyar muna cin abu iri ɗaya. Yau ga canji. Wanga abu da za ku ci, a Kaduna ma sai manya. Wanda ya iya haɗa kankana da albasa su zauna lafiya a kwano ɗaya, ina ganin ba sai an tambaya ba ko zai iya haɗa kan majalisa."

Aka yi bismilla. Kowa ya kai loma baki. Wani ya ƙura wa rufi ido kamar yana duba ingancin kwanon. Wani ya tuna bai yi nafila ba. Babaji, kansila mafi tsufa, ya haɗiye loma ɗaya, hawaye ya zubo, ya ce ya tuna da marigayiya kakarsa ne. Malam Mudassir ya ajiye cokali a hankali.

"Onarabul, Allah ya saka. A Kadunar ma har da dunƙule?"

"Su shida suke sawa," in ji Alhaji. "Na rage ne saboda ku."

Lawal, ƙanen Hajiya, shi ma kansila ne daga wata unguwa. Ya zame ya shiga cikin gida neman ruwa, sai ga shi ya fito rungume da tasar bayan randa, fara sol da madara, ƙanƙara na yawo a kai. Ban taɓa ganin zaɓaɓɓun jama'a sun haɗa kai da sauri irin na ranar ba. Kafin Alhaji ya gama bayanin cewa wannan na masu fara koyo ne, cokali kawai ya rage, kamar dai a Kaduna. Nasa kuwa aka ajiye wa akuya. Ta shinshina, ta ƙaurace.

Bayan kwana huɗu aka yi zaɓen, a asirce. Malam Mudassir tara, Alhaji Sada biyu. Ɗaya tasa ce. Ɗayar kuwa, duk unguwa ta san ta Lawal ce, wanda Hajiya ta gaya wa in mijinta ya tashi da ƙuri'a ɗaya tal kada ya sake zuwa mata cin tuwo.

Yanzu duk Sallah gidajen unguwarmu na yin irin na Hajiya, har ana kiransa "na bayan randa". Alhaji ma yana ci, yana ƙari, yana cewa ba laifi. Bara, muna zaune a ƙofar shagonsa, na ce, "Onarabul, yaushe za a sake yi mana kwaɗon kankana?"

Ya gyara hula, ya dube ni ba ko murmushi.

"Ku yi ta dariya. Ƙuri'a biyu na samu, kuma ɗaya ce tawa. Ka ga ke nan akwai wanda ya ci, ya ji daɗi, yana jin kunyar faɗa. Har yau ina nemanshi, in ba shi sirrin."