A Ba Jirgina Beli

Zuwa ga Mai Girma Mai Riƙon Takardun Ɗaukaka Ƙara, can Sakkwato, Allah ya ƙara wa kujerarka laushi.

Bayan gaisuwa da ban girma, ni ne Maliki Dogo, masunci daga Wara, baƙon gwamnati a gidan yarin Yelwa wata goma sha huɗu ke nan, bisa laifin mallakar buhun wiwi. Ranka ya daɗe, busasshiyar rama ce ta Inna, na ɗauko mata a jirgina zuwa kasuwar Yauri. Ga 'yan koke-kokena.

1. Kofur ɗin da ya kama ni baƙo ne a ƙasarmu. Ya ga ganye mai yatsu, ya ƙona kaɗan, ya shaƙa, ya yi tari. Tarin nan shi aka rubuta a matsayin gwaji, alƙali ya ba ni shekara uku. Ban raina ilimin kofur ba, amma wane ganye ne za a shaƙi hayaƙinsa a yi murmushi?

2. Da na ɗaukaka ƙara, ofishinka mai albarka ya nemi a aiko da buhun. Aka tarar ba komai ciki, don masinjojin kotu sun yi ta kwaɗo da shi da ƙuli-ƙuli tun bara. Ba wanda ya bugu, har wani ya yi ƙiba. Sai kuka rubuto cewa tunda shaida ta ɓace, ba yadda za a tabbatar ba wiwi ba ce. Wallahi na jinjina wa wannan hikima.

3. Aikin wahalar da aka ba ni a nan shi ne ban ruwa a lambun gidan yari. Ranka ya daɗe, rama ce kadada guda. Ita muke ci dare da rana, har da gandirobobi. Shin mu duka za a sake kamawa, ko gwamnati na da lasisi?

4. Wannan shi ne ke hana ni sukuni. An kama jirgina tare da ni, aka jawo shi tudu, aka ɗaure shi da sarƙa a jikin dalbejiyar kotu. Duk ɗan bakin ruwa ya san jirgin katako in ya rabu da ruwa darewa yake. Matata Tamada ta je ta gani: tsagar cikinsa yanzu hannu na shiga, kajin magatakarda kuma a ciki suke ƙwai. Jirgin nan gadon ubana ne, shi ke ciyar da mutum tara. Ina tuna shi sai hawaye.

Saboda haka ban roƙi a sake ni ba, na ga kuna da aiki da yawa. Ni ana ba ni ruwa kullum. Roƙona a ba jirgin beli, a mayar da shi tafki kafin ya gama darewa. Surukina Tanimu zai tsaya masa. In kuma ana tsoron ya tsere, Allah ya ba ka nasara, ai gwamnati ta riga ta toshe hanya da madatsar ruwa a Kainji.

In wannan ma ya yi nauyi, a taimaka wani ya riƙa watsa masa bokiti ɗaya da safe. Masinjoji sun ci ramar Inna, ba su rasa ƙarfin ɗauka ba.

Naka mai biyayya, a tsugune har ƙasa,
Maliki Dogo,
Mai ban ruwan ramar gwamnati, Yelwa, 1987.