Wayar Awon Sirdi

"Lafiya lau... kai, wace lafiya!"

Mai dokin ya katse gaisuwar, ya dire sabon sirdi a kan teburin baduku, har almakashi ya faɗo ƙasa. Badukun ɗan kawunsa ne, taubashinsa, tun suna yara ba sa haɗuwa su rabu ba su yagi juna ba. Amma yau idon mutumin ya yi jawur. Ga dokinsa ɗaure a ƙofar shago, ƙato mai faɗin baya kamar gado, ƙudaje na bin ɗanyen miki a doronsa. Maƙwabta sun fara leƙowa.

"Sannu da zuwa, Tumbi," in ji baduku. "Dokin ya gaji da ɗaukarka ne, ka zo in ɗinka maka majanyin goya shi?"

"Bar wasa, ɓarawon fata! Na tsallake masu sirdi kaf na kawo maka, wai kai jinina ne. Kwana uku sirdinka ya cinye masa baya. Shekara tara muna tare, ko ƙujewa bai taɓa yi ba."

Baduku ya fita ya taɓa gefen mikin, dokin ya zabura. Nan fa murmushinsa ya ɗauke. In maganar nan ta zaga kasuwa, ba mai sake kawo masa ko ɗinkin linzami.

"Na ce ka kawo shi in auna, ka ce rana ta yi zafi. Na ce to lanƙwasa waya a doronsa ka kawo min."

"Na kawo!"

"Ka kawo." Baduku ya ciro wayar daga jikin ƙusa, ya ɗora wa dokin. Ta ƙi zama, ta tsaya can sama ɗare-ɗare.

"Ka sauya ta! Halinka ne, tun kana satar min nama a kwano."

"Naman da ba ya kai minti a gabanka? Tsaya. A me ka zo ranar?"

"A babur."

"Wayar fa, ina ka sa ta?"

Mai doki ya sosa ƙeya.

"Aljihun baya. Ta ƙi shiga, sai na ɗan matse ta. Kaɗan."

"Kaɗan! Ka matse, sannan ka zauna a kanta! Jama'a, ko ƙarfen gada wannan ya zauna wa ai sai ya haɗe baki!"

Maƙwabta suka kwashe da dariya. Mai doki ya yi 'yar tasa dariyar. Ya matsa ya dafa wuyan dokin.

"Ashe ni na ji masa ciwo," ya ce a hankali. "Ka ci ni yau, ɗan kawu."

Baduku ya miƙa masa gwangwanin maganin miki.

"Ungo, shafa masa. In ya warke ni zan auna da hannuna, in sake masa wani sirdin kyauta. Kai kuma ka tafi gida a ƙafa, ka ji abin da yake ji shekara tara."