Mangalar Sallau

A ƙauyen Dogon Marke akwai wani gida a ƙarshen gari, daf da gindin dutse. Mutum biyu ne a cikinsa, sai awaki. Akwai Delu, wadda mijinta ya rasu ta dawo gidan ubanta, mace mai zafin nama da zafin baki. Akwai kuma ƙanenta Sallau. Sallau ba yaro ba ne, gemunsa ma ya fara neman furfura. Ba ya ƙarya, ba ya ƙiwuya, ba shi da mugunta ko kaɗan. Matsalarsa guda ce: abin da ka faɗa masa shi zai yi, yadda ya fito daga bakinka, ba ragi ba ƙari. Shi ya sa duk wanda ya ɗauke shi aiki, kafin kasuwa ta zagayo ya sallame shi. Abin yana cin ran Delu. Shi ma yana jin ciwon, ko da yake har yau bai gano inda laifin yake ba. Duk abin da ya gada daga mahaifinsu tsohon keke ne, kuma yana son keken nan kamar ransa.

Wata rana da kaka, bayan ruwa ya ɗauke, Malam Nadabo mai lambu a hayin rafi ya zo gidan neman takin awaki. Ya ga tulin taki, ya ga keke, ya ga ƙato zaune ba aikin yi. Ya ce, “Sallau, ka riƙa kawo mini taki kullum, ka taya ni ban ruwa, in riƙa sallamarka. Amma ka sani tun yanzu, da damina rafin nan taɓo yake zama, ko jaki ba ya ƙetarewa, gada kuwa tana can nesa. Ranar da rafi ya hana ka zuwa, aiki ya ƙare, sai in nemi ɗan hayinmu.” Sallau ya yi murna har ya kasa cin tuwo. Delu kuwa maganar damina ce ta tsaya mata a rai.

Wata rana, wato ranar fara aiki, Delu ta cika buhu da taki ta ce, “Ka ɗaure shi tamau a keke, kada komai ya motsa.” Sallau ya ɗauko igiyar awaki ya ɗaure buhu. Ya tura keke, ya ga taya ta motsa. Ya ɗaure ta. Ya ga feda na lilo, ita ma ya ɗaure. Da ya tabbata babu abin da ke motsi, sai ya ciccibi keken da buhun ya aza a ka, ya kama hanya. Bai isa lambu ba sai da rana ta take, wuyansa ya sanƙare. Malam Nadabo ya dube shi ya dubi keken, ya ce, “Kai ne ke hawansa, ko shi ke hawanka?”

“Yau dai shi ne, Malam.”

Malam Nadabo ya yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ya ce, “Abin da kake bukata mangala ce, irin ta jaki, aljihu biyu, ɗaya nan ɗaya nan. Ran kasuwa ka je ka nemo mai zurfi, wadda mutum zai shiga ya zauna.”

Wata rana, ran kasuwa, Sallau ya shiga layin masu jakunkuna da mangaloli. A rumfar farko ya ɗauki wata jakar leda mai kyau da ake ratayawa a bayan sirdi, ya cire takalmi ya zura ƙafa, ɗinki ya ɓarke. A rumfa ta biyu ya samu mangalar kaba, ya shiga har gwiwa, gindinta ya zube. Kafin ya kai ƙarshen layin labari ya riga shi, kowa na ganinsa sai ya rungume kayansa. A can ƙurya ya tarar da Baba Ɗanlasan, tsoho mai ɗinkin buhu da basilla, wanda ya ga abin duniya da yawa har ya daina mamaki.

“Samari, me kake nema da ka tayar da layi?”

“Mangalar da mutum zai shiga ya zauna, Baba.”

“Babu irinta a kasuwa. Amma zauna in ɗinka a jikinka.”

Sallau ya naɗe ƙafa ya zauna, Baba Ɗanlasan ya farke buhunan abawa ya kewaye shi da su yana ɗinki, har sai da hularsa kaɗai ake hange. Ya ɗinka ɗaya aljihun daidai da na farko. Da aka aza ta a kariyar keke, wurin ɗaura kaya a baya, saura kaɗan ta share ƙasa. Tsohon ya ce, “Sirrin mangala ɗaya ne, ɗana. Nauyin wannan gefe ya zo daidai da na wancan. In ka saɓa, za ta kayar da kai.” Sallau ya maimaita maganar tun daga kasuwa har gida.

Wata rana da sassafe ya raba taki biyu, rabi nan rabi nan. Delu ta miƙo masa ƙunshin ɗumame. Ya tsaya yana kallon ƙunshin, sannan ya kwance shi, ya raba tuwon biyu daidai, ya aza rabi a kan takin dama, rabi a kan na hagu. Da azahar ya kaɗe abin da ya kaɗu ya ci sauran. Da ya ba Delu labari da yamma, yana yabon yadda keke ya tafi sumul, sai ta dafe kai.

“Sallau, ni za ka kashe? Daga yau gefen dama na taki ne. Gefen hagu na abinci ne, kuma ban yarda abu mai datti ya shiga ba.”

“To Yaya, nauyin fa?”

“Nauyi ya dame ka. Ni dai na faɗa maka.”

Washegari ya cika dama da taki, ya sa ƙunshi a hagu, keke ya kwanta. Ya tayar da shi, ya sake kwantawa. Ya zauna a ƙofar gida, maganar Baba Ɗanlasan a kunne ɗaya, ta Delu a ɗayan, ya rasa wadda zai saɓa wa. Can ya ɗaga kai ya ga dutsen da ke bayan gidansu. Ya hau ya tsinto ƙaton dutse, ya ɗauko sabulun Delu da soso ya wanke shi tas, ya sa a gefen abinci. Keke ya tsaya cak. Dutsen na farko mai tsini ne, ya huda buhu, kuma da Baba Ɗanlasan yake facin wurin ya ce ya riƙa zaɓen mai faɗi kamar faifai. Tun daga nan Sallau bai ƙara ɗaukar wani iri ba.

Wata rana Malam Nadabo ya yi tuntuɓe da dutse a tsakanin kwamin latas. Ya duba ya ga wasu jere a gefe, wankakku, kamar za a yi musu biki. Da ya ji bayani ya ce, “Ka ji tsoron Allah, Sallau. Taki na ce ka kawo. Kada dutse ya ƙara shigo mini lambu.” To, shingen lambun a bakin rafi yake, nan kuma ake juye taki. Sai Sallau ya riƙa juye taki a gindin shinge, ya sauke dutse a gefen hanya, ya koma gida da mangala wayam, gefe biyu daidai. Wani lokaci sawu biyu yake yi a yini. Mutane suka ba shi shawarar ya riƙa komawa da dutsen jiya maimakon wahalar neman sabo. Ya ce in ya ɗauko dutse a hagu alhali dama ba komai, ai ya saɓa wa Baba Ɗanlasan. Haka tuli ya yi ta girma, ’yan gari suka sa masa suna Gidan Sallau, suna tambayarsa yaushe za a yi rufi.

Wata rana Jatau wanzami, da za shi hayi yin aski a gidan suna, ya makara. Ya tare Sallau a ƙofar gida yana shirin hawa dutse. Ya ce, “Bar wahalar nan. Yau ni ne dutsenka, sa ni a ciki.” Sallau ya auna shi da ido, ya ga zai yi nauyin taki. Ya shiga gida ya fito da bokiti da soso.

“Wannan fa na mene ne?”

“Gefen abinci ne. Yaya ta ce abu mai datti ba ya shiga.”

“Ni ne mai dattin? Da asuba na yi wanka.”

“Ban gani ba.”

Jatau ya dubi rana, ya tuna rabonsa na naman suna, ya haƙura aka wanke masa ƙafa da hannu da bayan kunne. Ya shiga ya zauna daram, ya ce bai taɓa hawan abin da ya kai wannan daɗi ba. Da suka ƙetare busasshen rafi, Sallau ya juye taki, ya ciccibo wanzami da zabirarsa, ya kai shi can ƙololuwar tuli ya ajiye a hankali. Sai da masu wucewa suka gama dariya sannan suka taimaka masa ya sauko.

Haka rani ya wuce. Sallau bai taɓa fashi ba, latas da albasa suka yi kyau, gidan Delu ya ga canji. Amma hadari ya fara haɗuwa a gabas. Wata yamma Malam Nadabo ya ce, “Sallau, ban taɓa samun mai aiki irinka ba, wallahi. Sai dai ka san maganarmu. Na riga na yi wa wani magana a nan hayi.” Sallau ya ce to. A hanyar gida ya sauka daga keke ya tura shi da hannu, don idonsa ya cika da hawaye ba ya ganin hanya. A karon farko a rayuwarsa yana da inda ake jiransa kullum da safe, ga shi ruwa zai raba shi da wurin.

Wata rana, ana cikin wannan hali, Maigari ya biyo hanyar rafi a kan babur. Tuli ya riga ya ci rabin hanya, ya kauce masa, ya faɗa cikin yashi, rawani ya yi gefe guda. Ya tashi yana huci ya sa aka kira Sallau.

“Wannan shirmen naka ne?”

“Nawa ne, ranka ya daɗe.”

“To, kada in dawo in tarar da dutse a kan dutse a wurin nan.”

Duk wanda ke wurin ya san nufin Maigari a kwashe su a kai can daji. Sallau kuwa ya ji abin da ya ji. Ya fara sauke duwatsu yana shimfiɗa su ɗaya kusa da ɗaya, yana kula kada bakin wani ya hau na wani. Gefen lambu an hana shi, gefen hanya ya cika, wurin da ya rage shi ne cikin rafi. Sai ya bi da su ta can, yana danna kowanne cikin yashi, har jeren ya kai ɗaya gaɓar. Ya juyo da wani jeren a gefensa, ya sake komawa. Kwana da kwanaki yana yi bayan ya tashi daga aiki. Da Maigari ya ji, ya ce wannan raini ne, ran Juma’a a kawo masa Sallau. Delu ta zauna ta yi kuka, ta ce ga aiki zai tafi, ga kuma fushin Maigari.

Ran Alhamis ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Da garin Juma’a ya waye Delu ta ce, “Zauna, ɗan uwana. Yau babu hanya.”

Ya ce, “Malam ya ce ranar da rafi ya hana ni. Bai hana ni ba tukuna, ko ganinsa ban yi ba.”

Ya cika dama da taki, ya wanke dutse ya sa a hagu, ya tafi. Delu ta yafa mayafi ta bi bayansa don kada ya halaka kansa. A bakin rafi suka tarar da jama’a cirko-cirko, masu zuwa hayi da kaya a ka, har da Maigari da baburinsa. Wani jaki da aka gwada turawa ta ƙasa kaɗan ya nutse har ciki, ana ta jan sa da igiya. Sallau bai tsaya kallo ba. Ya naɗe wando, ya tura keke ta inda ya saba bi. Ruwa ya kawo masa ƙwauri, taya ta hau dutse, ta hau na gaba. Haka ya yi ta turawa har ya fita ɗaya gaɓar, gindin mangala kaɗai ya jiƙe.

Malam Nadabo yana tsaye a gindin shinge tare da mutumin da ya yi wa alkawari. Ya dubi Sallau, ya dubi rafin, sannan ya juya ya ba mutumin haƙuri. Wata mai tallan nono ta fara bin sawu, sai sauran jama’a, sai Maigari yana tura babur, yana kallon ƙasa. Delu ta ƙetaro a ƙarshe, tana share ido da bakin mayafi.

Sallau ya juye taki, ya ciro dutsen ranar, ya tsaya rungume da shi yana waige-waige. Lambu an hana shi, kan wani dutse an hana shi. Ya matso gaban Maigari ya rusuna.

“Ranka ya daɗe, na yau fa, ina zan sa shi?”

Maigari ya gyara rawani, ya yi gyaran murya, ya nuna gefen jeren da ruwa ke bi ta kansa.

“Sa shi can kusa da ’yan uwansa. Gobe ma ka kawo wani.”